Daga Lifidi Zuwa Buhun Leda: Waiwaye Kan Rufin Doki a Hunturun Tambuwal da Kebbe

Hunturun ƙasar Tambuwal da Kebbe fuska biyu gare shi. Da rana, a watannin Disamba da Janairu, zafi yakan haura digiri 30, ƙura ta turnuƙe, leɓe ya tsage. Da an sallame magariba sai iska ta juya, kafin asuba ma'auni ya sauko wajen digiri 15, wani daren ma ƙasa da haka, musamman a bakin fadamun gulbin Zamfara da ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega. Mutum yakan ja bargo, ya hura wuta, ya nemi kunu mai zafi. Dokin da aka sukwana da la'asar kuwa, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana tsaye a turke, sai abin da mai shi ya ga dama ya yi masa.

A rufe shi ne, ko a bar shi? In za a rufe shi, da me, kuma yaushe? Mahayan wannan yanki sun fi shekara 200 suna amsa wannan tambaya da hannunsu. Jikin doki bai sauya ba a tsawon wannan lokaci. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne aikin da ake sa shi, da mutanen da ke tsaye a kansa, da abin da ake samu a rufe shi da shi. Wanda ya bi sawun waɗannan abubuwa uku zai ga inda muka yi riba, ya kuma ga inda muka yar da abin da ke hannunmu.

Busasshen doki da jiƙaƙƙen doki

Busasshen doki mai ƙoshi ba ya shakkar sanyin ƙasarmu. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa daga wajen digiri 5 zuwa 25 doki yana zaune daidai, jikinsa ba ya wani faman neman ɗumi. In sanyi ya taɓa shi gashinsa yakan miƙe ya riƙe iska mai ɗumi kusa da fata, harawar da ke narkewa a cikinsa kuma tana ƙara masa zafi dare farai. Gashin dawakinmu bai kai na dawakin ƙasashen ƙanƙara kauri ba, amma sanyinmu ma bai kai nasu ba.

Da ya jiƙe, lissafin ya rushe. Gashi ya kwanta, iskar da ke tsare shi ta gudu, ruwa kuwa yana janye zafi fiye da iska sama da ninki 20. Ga shi doki yana cikin dabbobin da suka fi kowa gumi: a aiki mai tsanani yakan zubar da lita 10 zuwa 15 cikin awa guda. Iskar hunturu busasshiya ce, danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, saboda haka nan da nan take lashe gumin, kuma duk abin da ta lashe da zafin jikin dokin take tafiya. Yadda randa ke tsatsafowa ta waje ruwan cikinta ya yi sanyi, haka jiƙaƙƙen doki yake a gaban iskar gabas. Da tsakar rana wannan rahama ce a gare shi. Bayan faɗuwar rana kuwa shi ne mafarin makyarkyata da sandarewar tsoka da kasala.

Daga nan kuskure biyu ke fitowa. Na farko, a bar shi tsirara a iska da jiƙaƙƙen jiki. Na biyu, a lulluɓe shi da abin da zai kulle gumin a jikinsa, ya kwana cikin danshi. Duk tarihin da ke tafe tarihin neman hanya ne tsakanin waɗannan biyu.

Zamanin lifidi

Rufin doki na farko da tarihin ƙasar Hausa ya adana labarinsa rufin yaƙi ne. Kundin tarihin Kano ya jingina shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410. Lifidi tufa ce da ake ɗinkawa ninki-ninki, a cusa mata audugar rimi ko audugar gona, ta rufe doki daga wuya har gwiwa domin kibiya ta maƙale kafin ta kai ga nama. Kafin ƙarni na 19 ya zama alamar rundunar da ta amsa sunanta, daga Borno har Kabi.

Ranar 21 ga Yuni 1804, a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo dawakinsu ba su wuce 20 ba, Yunfa Sarkin Gobir kuwa ya zo da 'yan lifidi wajen 100. Maharba 'yan ƙasa suka yi rinjaye a ranar. Amma waɗanda suka ci nasara ba su raina doki ba. Da daula ta kafu sai suka shiga tara nasu. A watan Oktoba na 1826 wani Bature mai suna Kilafaton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a bakin ganuwar Ƙonya ta Gobirawa, ya kuma bayyana 'yan lifidinta, waɗanda nauyin kayansu ya sa sai an taimaka musu suke hawa.

A cikin wannan zamani ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, zuriyarsa kuma suka ci gaba da riƙe yankin. Wurin ba na hutu ba ne. Tun daga 1849 da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa suka kafu a Argungu, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, iyakar daular da Kabawa ba ta rabu da hari da ramuwar hari ba, har zuwa zamanin Sarkin Kabi Sama'ila da ya hau a 1883. Garuruwa irin su Tambuwal da Jabo da Sanyinna da Dogon Daji suna kwana ne da shirin hawa. Dokin da ke turke a irin waɗannan garuruwa shi ne bambancin a cim ma mahara a ƙwato shanu da mutane, ko a tsaya ana kallon ƙurarsu.

Abin lura shi ne lokacin da ake yaƙin. Ba a cika fita da damina ba, don gulabe sun cika, talakawa suna gona. Sai an yi kaka, an cika rumbu, ruwa ya janye, sannan a buga tambari. Ke nan lokacin yaƙi shi ne lokacin ɗari. A ɗauki doki a naɗe shi cikin auduga mai kauri, a ɗora masa barde da sulkensa, a sa shi gudu da tsakar rana. Duk wanda ya san doki ya san yadda za a tarar da jikinsa in an yaye lifidin. Shi ya sa ba a ɗaura lifidi sai an kusa da abokan gaba. Bayan an tashi kuwa, a sansani ake kwancewa, a fili, rana ta faɗi, iska ta taso. Doki nagari dukiya ce babba, da yawa daga nesa ake kawo su, daga Azbin da Borno da ƙasashen Arewa da Zabarma. Sarkin da ya rasa dawaki goma saboda sakacin dare ɗaya ya yi hasarar da ba zai mayar ba a shekara. Dole ce ta koya wa mutanen wancan zamani yadda ake hutar da doki.

Karatu ma ya ƙarfafa musu gwiwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan Sakkwato da Gwandu har gobe, an ruwaito cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana share fuskar dokinsa da mayafinsa. An kuma ruwaito tseren da ya shirya a Madina, inda ya ba dawakin da aka horar zango mai nisa, waɗanda ba a horar ba ya ba su gajere. Malamai sun yi sharhin wannan horo: a ciyar da doki ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci, a shigar da shi ɗaki a lulluɓe shi har ya yi gumi, in gumin ya bushe sai namansa ya tsuke ya iya dogon gudu. Almajirin da ya karanta wannan ya san rufi yana sa gumi, ya san kuma hidimar doki ba aikin ƙasƙanci ba ce.

Ilmin barga

Wannan sani a barga yake zaune, ba a takarda ba. A fada akwai Shamaki mai kula da dawakin sarki, ƙarƙashinsa akwai 'yan barga da yara masu yankan ciyawa, ɗa yana gadon ubansa. Har yau, in ka dace da tsohon da ya tashi a bargar hakimi, za ka ga ɓurɓushin tsarin a hannunsa.

Doki ya dawo yana huci, kumfar gumi ta yi fari a wuyansa da tsakanin cinyoyinsa. Yaro ya yi wuf zai kwance sirdi, sai ka ji tsohon ya dakatar da shi: "Ɗana, kak ka hidda mai sirdi yanzu. Ja shi ku zagaya, shi huce." Majayi kawai zai sassauta. Yaron ya kama ragama su yi ta kewaya fili a hankali har numfashi ya daidaita, hancin da ya buɗe ya koma yadda yake. Sai a sauke sirdi, a bar zubka a bayansa na ɗan lokaci, don gadon bayan da ya fi ko'ina zafi kada iska ta buge shi farat ɗaya. In an ɗauke zubkar, a sake shi ya yi birgima a rairayi. Busasshen yashi yana shanye gumi fiye da yadda mutum zai zata. Ya tashi ya girgije, tsohon ya danƙo busasshiyar ciyawa ya murɗe ta a hannu, ya bi wuya da kafaɗa da ƙirji da ƙugu yana gurzawa, yana tayar da gashin da ya kwanta. Ciyawar ta jiƙe ya yar, ya danƙo wata. Can sai ka ga ya sa bayan hannu a ƙirjin dokin, ya laluba gindin kunne, ya cusa yatsu cikin gashi har fata. Sai hannunsa ya gamsu sannan ya ce a kawo mayafi.

Mayafin kuwa na masaƙan gida ne: tsohon gwado ko luru, zaren auduga mai kauri da ke shan danshi ya kuma bar iska ta ratsa. Turke yana bayan zana ko danga ta ɓangaren da iska ke fitowa. Ana hura 'yar wuta a gefe, wadda da damina hayaƙinta ke korar ƙudaje da sauro, da ɗari kuma ta karya sanyi. A zuba harawa ta kwana, a dama dusa da kanwa. Wanka kuwa da hantsi ake yi, da ruwan rijiya sabon ja mai ɗumi-ɗumi, don rana ta sami lokacin busar da shi. Babu wanda zai wanke dokin hakimi da almuru a watan sanyi ya kwana lafiya da Shamaki.

Matakan uku ne, kuma jerinsu shi ne ilmin: ya huce, ya bushe, sannan a rufe.

Zuwan Turawa da buhun algarara

A watan Maris na 1903 rundunonin Ingila suka haɗu a Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, suka nufi Sakkwato. Ranar 15 ga wata, a Giginya, bindiga mai ruwa ta rufe babin dokin yaƙi. Lifidi ya koma kayan fita ranar hawa.

Doki dai bai rasa aiki ba. Hakimi da shi yake rangadin haraji da jangali, dogari da shi yake kai saƙo, alƙali da malami da attajiri kowa da nasa. Turawa suka ƙara masa hawan daba, kamar wanda aka yi a Kano a 1925 don Yariman Ingila da na Kaduna a 1956 don Sarauniya, suka kuma kawo folo da sukuwar fili mai ƙa'ida. Darajar dokin sukuwa ta kai har makaɗin fada Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Ɗanhilinge, dokin Sarkin Gobir na Isa, waƙa sukutum. Barga ta ci gaba da rayuwa, 'yan barga suka ci gaba da haihuwar 'yan barga.

Sabon abin da zamanin ya kawo shi ne buhu. Jirgin ƙasa ya isa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, buhunan algarara da ake saƙawa da ramar Indiya suka cika kasuwanni. Wanda ba shi da gwadon da zai sadaukar wa doki sai ya farke tsohon buhu biyu ya haɗe da basilla, ya sa igiya a ƙirji da ciki. Dace aka yi: algarara tana shan ruwa, saƙarta kuma a buɗe take, tururi yana fita.

A can Ingila ma, a wancan zamani, da irin wannan rama suke ɗinka rigar da doki ke kwana da ita a ɗaki. In doki ya dawo farauta a jiƙe, masu kula da shi sukan shimfiɗa masa busasshiyar tattakar alkama a gadon baya, su ɗora buhu ko riga a kai. Tattakar ta ɗaga rufin daga fata, iska ta ratsa, dokin ya bushe cikin ɗumi. Lamarin ya dame su har ya shiga adabinsu. A littafin Anna Sewell na 1877, Black Beauty, akwai inda wani yaro sabon shiga ya karɓi doki bayan gudun dare, ya ga yana zafi ya ƙi rufe shi, dokin ya kwana yana rawar ɗari ya tashi da ciwon huhu. Mutanen da ba su taɓa jin sunan juna ba, ɗaya a bakin gulbin Zamfara ɗaya a ƙasar ƙanƙara, busasshiyar ciyawa da buhu suka kai su ga amsa guda.

Lokacin da barga ta fara yoyo

Daga shekarun 1970 abubuwa suka taru wa doki. Kwalta ta ratsa Tambuwal daga Sakkwato zuwa Jega da Yawuri, mota ta karɓe rangadi. Farin 1973 da na 1984 suka sa dawa da harawa suka fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Garambawul na ƙananan hukumomi a 1976 ya rage ikon masu sarauta da abin hannunsu. Gidan da ke da turke goma ya koma biyu, mai biyu ya sayar. 'Ya'yan 'yan barga suka tafi makaranta, ko ci-rani, ko kabu-kabu da babur ya yi arha bayan shekarar 2000. Babu laifi a neman abinci. Amma ilmin da ke tafiya daga hannu zuwa hannu, in hannun da zai karɓa ya tafi, a nan yake tsayawa.

Buhun ma ya sauya. Dalar gyaɗa ta rushe, aka soke hukumomin sayen amfanin gona a 1986, buhun leda ya kori algarara daga kasuwa. Ga manomi ci gaba ne, don ya fi arha da sauƙin ɗauka. Ga doki kuwa koma-baya ne. Zaren leda ba ya shan ko ɗigo, wanda kuma aka yi wa shafe ta ciki, irin na taki da na sukari, ba ya barin tururi ya fita. Haka tamfol. Al'adar jefa wa doki buhu ta wanzu, dalilin da ya sa buhun ke aiki ya ɓace ba tare da an lura ba.

A daidai wannan lokaci ƙasashen waje suna ta nasu gyaran. Wajen 1980 aka ƙirƙiro a Amurka wani yadi mai laushi mara nauyi da ke janyo danshi daga fata ya fitar da shi sama, masu dawaki suka mai da shi mayafin busarwa. A 1985 kamfanin Horseware na ƙasar Ayalan ya fito da rigar Rambo, wadda daga bisani irinta ta maye gurbin tsohuwar rigar tamfol mai nauyi. Sai dai har yau ƙa'idarsu ita ce: mayafin busarwa daban, rigar kwana daban, kuma ba a sa ta biyun sai doki ya bushe.

Binciken da aka yi gabanin wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 ya gyara wani tsohon tsoro da mu da su muka yi tarayya a kansa. An tabbatar cewa dokin da zafi ya yi wa yawa bayan gudu, kwarara masa ruwan sanyi a kai a kai ba ya cutar da shi, shi ne ma hanya mafi sauri ta ceto shi, kuma ba a hana shi shan ruwa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don da bazara zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma a irin wannan rana lulluɓe doki mai huci zalunci ne. Binciken bai rushe jerin 'yan barga ba, matakin farko ya ƙarfafa. Mai doki dai ya san wata, ya san lokacin yini: ruwa da azahar a watan Afrilu magani ne, ruwa da magariba a watan Janairu sai in akwai mai tsayawa ya busar.

Yau

Doki ya dawo, kuma abin farin ciki ne. Matasa sun kafa ƙungiyoyin mahaya, ana kilisa, ana hawan angwanci, ana sayo dawaki daga kasuwannin kan iyaka irin su Illela da Maigatari. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Kayan ado kuwa sun fi na da ƙyalli: jalala da ɗauki-saƙa da likafa mai walƙiya, wani har kuɗinsu ya kusa na dokin.

Sai dai bukukuwan aure sun fi yawa bayan kaka, wato cikin ɗari, hawan kuma da la'asar ake yi. Ka tsaya a ƙarshen irin wannan hawa ka gani. Dokin haya ne, ya ɗauki mutum uku ko huɗu tun azahar, kowa yana son a ga ya yi zamiya a gaban ango. Ana kiran magariba aka dawo da shi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya fizge sirdi da zubka gaba ɗaya, tururi na tashi daga bayan. Ya sheƙa masa bokitin ruwan da ya wuni a inuwa don ya wanke kumfa, ya ɗaure shi a gindin dogon yaro, ya jefa masa farkakken buhun taki, ya ruga wajen kiɗa. Da asuba, in ka sa hannu ƙarƙashin buhun, sanyi ƙalau za ka ji da danshi. Dokin ya takure, ya matse wutsiya, harawar jiya tana nan bai taɓa ba. Yaron ba mugu ba ne. Babu wanda ya taɓa nuna masa.

Danshin da ke kwana a fata shi ke buɗe ƙofa ga kirci, don ƙwayar da ke kawo shi a shanu tana kama doki, shi ke kuma laushe gadon baya har sirdi ya yi masa miki. Ta ɓangaren ƙirji, sanyi da kansa ba ya haifar da mura. Ƙwayar cuta ke kawo ta. Amma dabbar da ta gaji, ta shaƙi ƙura wuni guda, ta kwana tana makyarkyata, ita ce cuta ke kayarwa da wuri. Mun gani a watan Disamba na 2018, tsakiyar hunturu, lokacin da murar dawaki ta ɓulla a jihar Sakkwato. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, ta tabbatar nau'in H3N8 ce. Ta fi yi wa jakuna ɓarna, ta bazu zuwa wasu jihohin Arewa, a Nijar kuma dubbai suka mutu. Bargo ba ya tare irin wannan annoba. Allurar rigakafi da ware marar lafiya da hutu su ne maganinta. Amma dabbar da ake kula da ita ta fi samun ƙarfin tashi.

Akwai kuma lissafin da ya kamata masu hawa su yi tun yanzu. Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin ɗari daga 1999 zuwa 2002, Babbar Sallah kuma daga 2005 zuwa 2008. Tun daga nan hawan Sallah bai sake haɗuwa da tsakiyar hunturu ba, har yaran da aka haifa a tsakani suka zama mahaya. In Allah ya kai mu, Ƙaramar Sallah za ta faɗo farkon Fabrairu a 2030, cikin Janairu a 2031 da 2032, a 2033 kuma sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Dawaki da yawa za su yi hawa kwana biyu ko uku a jere cikin kayan ado masu nauyi, su sauka da yamma, a hannun samarin da ba su taɓa sauke dokin Sallah cikin jaura ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ake bukata ba ya da tsada. Yadin nan mai janye danshi yana jibge a kasuwar gwanjo, haka bargon ulu, wanda ke iya shanye ruwa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa bai yi sanyi a jiki ba. Algarara ba ta ƙare ba ga mai nema. Busasshiyar ciyawa da zana kuwa ƙasar Kebbe ba ta rasa su ba. Mai doki ya tanadi mayafi biyu: ɗaya na busarwa, da za a yafa bayan doki ya huce a cire in ya jiƙe, ɗaya na kwana, ga tsohon doki ko ramamme ko marar lafiya ko duƙushi, ko ga kowane doki a daren da iska ta tsananta. Kafin ya shiga ɗaki ya fito ya sa hannu ƙarƙashin rufin a bayan kafaɗa: in ɗumi ne a bushe, madalla; in danshi ne, ya sauya; in gumi ne, rufin ya yi yawa. Da hantsi a yaye, a shanya.

Ina kira ga masu sarautar Tambuwal da Kebbe da shugabannin ƙungiyoyin mahaya: tsofaffin 'yan barga da suka rage ba su da yawa, ku nemo su ku zaunar da samari a gabansu, ku gayyaci likitocin dabbobi na ƙaramar hukuma da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su haɗa nasu sanin da na tsofaffin. A sa wa hawan biki lokacin tashi, yadda doki zai sami ranar da zai bushe. Mai ba da haya ya sa sharaɗin kula cikin ciniki. Kai kuma mai hawa, ka sani hawa bai ƙare ba don ka sauka. Dabba ce da ba ta da bakin kai ƙara, amana ce a hannunka, kuma za a tambaye ka. Kada ka bar turke sai dokinka ya huce, ya bushe, ya fara cin harawa.